Jirgi Ya Cika: Koya wa Ƙananan Yara Lissafi da Kwale-Kwale

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen bakin ruwa, na Yauri da Ngaski da Shanga, da duk tungayen da ke gefen tafkin Kainji, domin maganar yau tasu ce kafin ta zama ta kowa. Za mu yi magana ne a kan lissafi, wato yadda uwa za ta ɗora ɗanta mai shekara 3 zuwa 6 bisa hanyar sanin adadi tun bai shiga aji ɗaya ba. Kayan aikinmu kuwa ba wani abu ba ne illa jirgin ruwa, wannan dai kwale-kwalen da yaro ke buɗe ido ya gani kullum a bakin kwata.

Na san wata za ta ce, "Ni da ban yi boko ba, ina ni ina koyar da lissafi?" To uwargida dakata. Wa ke ƙirga kifi in an juye shi daga taru, ya ware tarwaɗa daban, karfasa daban, ya kasa shi kashi-kashi? Wa ke riƙe da lissafin adashen mata 20 a ka, ba biro ba takarda, kuma ba a taɓa jin kuɗin wata ya shiga na wata ba? Wa ke sanin mudu nawa na shinkafa zai kai gidan zuwa ranar kasuwa? Ai ke ce. A 1985 wasu masu bincike, cikinsu har da wata mata mai suna Terezinha Nunes, sun buga nazarin da suka yi a kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Brazil. Sun tarar yaran na yin lissafin ciniki da canji da ka, kusan ba kuskure, amma da aka rubuta musu wannan lissafin a takarda irin yadda ake yi a aji, sai suka yi ta faɗuwa. Ashe ba kan ne babu ba. An raba lissafi ne da abin da suka sani, sai ya zame musu baƙo. Saboda haka muke so mu fara daga abin da yaron bakin ruwa ya sani.

Kada kuma a ɗauka wasa ne kawai na kashe lokaci. Wani babban nazari da aka buga a 2007, wanda ya haɗa bayanan yara daga Amurka da Kanada da Ingila, ya nuna cewa cikin abubuwan da yaro ke shiga makaranta da su, sanin adadi ya fi kowane nuna yadda karatunsa zai kasance nan gaba. A ƙasarmu dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara kafin firamare cikin tsarinta, kuma tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, wadda aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Amma mu da ke ƙasa mun san a tungaye da yawa makaranta na da nisa, wani wurin ma sai an haye ruwa, kuma ba uwar da za ta sa ɗan shekara 4 a jirgi kullum safiya don ya je aji. Kafin malami ya gan shi, ke ya gani.

Bari mu fara da wani abu da ke ruɗar iyaye. Yaro ya iya rera "ɗaya, biyu, uku" har zuwa ashirin, ko ya iya "wan, tu, tiri" na Turanci, sai a yi ta murna ana cewa ya iya lissafi. Gwada shi. Ki zuba 'ya'yan tsamiya a gabansa ki ce, "Ba ni huɗu." Da yawa za su dumbuzo hannu guda su miƙo miki. Ya haddace sunayen, kamar yadda ake haddace waƙa, amma bai san abin da sunan ke ɗauke da shi ba. Wasu masana biyu a Amurka, Rochel Gelman da abokin aikinta Gallistel, sun yi bayani a littafinsu na 1978 cewa ƙirga ta gaskiya na buƙatar abubuwa da dama a haɗe. Kowane abu ya sami suna ɗaya tak, kada a tsallake wani, kada a ƙirga wani sau biyu. Sunayen su zo a jere ɗaya kullum. Sa'annan, wanda ya fi wuya, yaro ya gane cewa kalmar da ya faɗa a ƙarshe ita ce adadin tarin gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen yakan ɗauki yaro watanni masu yawa. Yakan fara gane "ɗaya", ya jima a nan, sai "biyu", sai "uku", kafin wata rana abin ya buɗe masa. Don haka in ɗanki mai shekara 3 ya kasa ba ki huɗu, ba daƙiƙi ba ne, a kan hanya yake. Kada a yi masa tsawa, kada a haɗa shi da ɗan maƙwabta.

To me ya sa jirgi? Me ya sa ba tsakuwa kawai ba? Domin jirgi yana da ciki da waje, ana shiga ana fita, yana tafiya yana dawowa, kuma yana cika. Tarin tsakuwa a ƙasa ba ya cika, ko nawa kika ƙara zai karɓa. Jirgi kuwa yana da iyaka, kuma duk yaron da ya taso a Yelwa ko Wara ya taɓa jin an ce, "Jirgi ya cika, sai sawu na gaba." Wannan maganar lissafi ce tsantsa.

Ba sai kin sayi komai ba, kuma wasan farko ba ya ma buƙatar ruwa. Ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki ce wannan jirginmu ne, ko ki zana jirgi a ƙasa da kara, ki ja layi uku a ciki su zama katakon zama. Yaran gida su ne fasinja. In yaran ba su da yawa, ki samo sakaina ko ƙoƙo ko gwangwanin kifi da aka daddaƙe bakinsa don kada ya yanki hannu, fasinja kuma su zama ƙwallon dabino, ko wake, ko murfin kwalba. Ɓawon gyaɗa ma jirgi ne mai ɗaukar mutum biyu. Sai dai a kula, in akwai mai rarrafe ko ɗan ƙasa da shekara 3 a wurin, a nisanta shi da ƙananan ƙwayoyi, don komai baki suke kai shi, ko hanci.

Ki ce da 'yarki, "Ke ce mai fito yau. Kowane fasinja ki ba shi filafili ɗaya." Tsinken tsintsiya shi ne filafili. Tana ɗora tsinke ɗaya gefen kowane wake, tana koyon haɗa ɗaya da ɗaya ke nan, tun ma ba ta ambaci lamba ba. In tsinke ya ƙare saura wake biyu, ki tambaye ta, "Wa ya fi yawa, mutane ko filafili?" Daga nan sai ƙirga. Ta taɓa kowane fasinja da yatsa tana saka shi a jirgi tana faɗin sunansa. Saka shi cikin jirgin na da amfani, domin wanda aka ƙirga ya rabu da wanda ba a ƙirga ba, ba za ta maimaita shi ba. In ta gama, ki rufe jirgin da tafin hannunki ki ce, "To mutum nawa ke ciki?" In ta ce "biyar", madalla. In ta ɗaga hannunki ta sake farawa daga ɗaya, kin gane inda take. Ki ƙirga tare da ita, ki ɗan ja muryarki a na ƙarshe, "ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyaar. Mutum biyar ke cikin jirgi." Haka kullum, ba gaggawa. Minti 10 ya isa, kina tsince shinkafa tana gefenki.

Ki tsaya a kan biyar ki daɗe. Iyaye na son a yi saurin kai ɗari, amma yaron da ya san biyar ciki da waje ya fi wanda ke rera ɗari. Ki ajiye jirgi biyu, ƙoƙo da sakaina, da fasinja biyar. Ta raba su yadda ta ga dama. Yau uku a nan biyu a can, an jima huɗu da ɗaya. Ki ɓoye jirgi ɗaya a bayanki, ki nuna mata ɗayan da mutum biyu, ki ce, "Mutum nawa ke cikin wanda na ɓoye?" Ran da ta amsa "uku" ba tare da ta leƙa ba, to ta fara ɗebewa, ko da ba ta taɓa ganin alamarta a allo ba. Wata rana kuma ki zuba duka biyar ɗin a jirgi ɗaya ki tambaye ta na ɗayan. "Babu kowa." Yauwa, wannan babu kowan shi ne sifiri, kuma jirgin da ba kowa a ciki yana nan bai ɓace ba, wanda shi ne abin da yara ke shan wuyar ganewa game da sifiri.

Sai tafiya. Ki yi amfani da sunayen garuruwan da take ji a bakin manya. Jirgi ya tashi daga Yelwa da mutum uku, ya tsaya Zamare mutum biyu suka shiga, yanzu su nawa? Ya isa Wara mutum ɗaya ya sauka, saura nawa? Ki bar ta ta tura jirgin da hannunta daga gindin turmi zuwa bakin randa, ta yi ƙarar inji da baki in tana so. In ta gaji da naki labarin, ta ƙirƙiro nata ta tambaye ki. Wani lokaci ki ba da amsar da ba daidai ba da gangan, ki ga ko za ta kama ki. Ba abin da ke sa yaro farin ciki kamar ya gyara wa uwarsa ƙirga.

Akwai wani gwaji da masanin nan na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya shahara da shi, wanda za ki iya yi a tsakar gida. Ki jera wake biyar a ƙaramin jirgi a matse, ki jera wasu biyar a dogon jirgi a wawware, ki tambayi ɗan shekara 4 wane jirgi ya fi mutane. Sau da yawa zai nuna dogon, ko da shi ya ƙirga su da kansa. Idonsa ya rinjayi ƙirgarsa. Kada ki ce masa "ƙarya ne." Ki ce su sauka su yi layi, na wannan jirgi kusa da na wancan, ɗaya ga ɗaya, ya gani da kansa.

Wane harshe za a yi amfani da shi? Wanda kuke magana da shi a gida. In Gunganci ne, a ƙirga da Gunganci, in Kambarci ne haka, in Hausa ce Hausa. Adadi ba shi da ƙabila, yaron da ya gane biyar da harshen uwarsa, sunanta na Turanci kawai zai ƙara. Hausa ma ta yi mana gata a nan. Mu muna cewa goma sha ɗaya, goma sha biyu, kin ji goman a fili da abin da ya hau kanta, alhali mai koyon Turanci sai ya haddace wata kalma daban ga 11 da 12 wadda ba ta nuna masa komai. Ga yaro mai shekara 6, ki ce kowane jirgi mutum goma yake ɗauka. Fasinja 13 ke nan jirgi ɗaya cike, mutum uku na tsaye a kwata. Goma, sha uku. In ya je aji aka rubuta masa 1 da 3 a jere, ya riga ya san cewa 1 ɗin nan jirgi ne cike, ba mutum ɗaya ba. Sa'annan ku tuna iyayenmu kan ce "ashirin ba ɗaya" a maimakon 19, "talatin ba biyu" a maimakon 28. Jirgi mai ɗaukar ashirin, saura wurin mutum ɗaya ya cika. Ɗebewa ce a cikin maganar yau da kullum, mu ne ba mu lura ba.

Awo ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ta auna tsawon jirgin tabarma da taƙinta, ke ma ki auna da naki. Nata ya fi yawa, alhali tabarmar ɗaya ce. Ki bar ta ta yi tunanin dalili. Gaba da baya, dama da hagu, kusa da nesa, dogo da gajere, duk suna cikin jirgi. Na farko, na biyu, na uku kuwa, ai mutanen Yauri ba sa buƙatar a koya musu, ga bikin Rigata nan da ake tseren jirage. In kun dawo daga kallo, a jera ɓawon gyaɗa a yi tsere a tsakar gida, a tambaya wa ya zo na biyu, wa ke bayan na uku.

Yanzu mu zo kan ruwa, kuma a nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. Da farko sharaɗi. Wannan wasa a gida ake yin sa, cikin daro ko baho, da ruwan rijiya ko na famfo, ba a bakin kogi ba, domin ban da haɗarin nutsewa akwai tsargiya da ake ɗauka a ruwan tafki. Ruwan kada ya wuce tsawon yatsa. Ki zauna a wurin daga farko har ƙarshe, in an gama ki zubar, ki kife daron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5 na cikin waɗanda suka fi mutuwa ta hanyar nutsewa, kuma ruwa kaɗan ya isa. Ba a barin yaro da daro a ce bari in duba tukunya.

Ki ɗora ƙoƙo a kan ruwan. Kafin a saka komai, ki tambaye shi, "Tsakuwa nawa kake jin zai ɗauka kafin ya nutse?" Ya faɗi abin da ya zo bakinsa, ko da ɗari ya ce. Sai a fara sakawa ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa, yana kallon yadda ruwa ke hawa jikin ƙoƙon. A ce a ta tara ya nutse. Ku tsamo, ku sake. Ya sake nutsewa a tara ko kusa da haka. Sai ki tambaye shi, "To in kai ne mai jirgi, nawa za ka ɗauka?" Yawanci zai ce takwas. Ku saka takwas ɗin, sa'annan ki kaɗa ruwan da hannunki kaɗan, kamar iska ta taso. Zai ga ruwa ya faɗa ciki. Ku rage zuwa shida, ki sake kaɗawa, ya ga jirgi ya tsaya. Sai ki ba shi gawayi ya ja layi a jikin ƙoƙon daidai inda ruwa ya tsaya da mutum shida. Daga yau dokar wannan jirgi ke nan, in ruwa ya taɓa layi, jirgi ya cika.

Wannan layin ba mu muka fara shi ba. A Ingila, a ƙarni na 19, masu jiragen ruwa kan yi musu lodi fiye da kima, jirage na nutsewa da ma'aikata. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka har aka yi doka a 1876 wadda ta tilasta a zana alama a jikin jirgi mai nuna iyakar lodi. Har yau manyan jiragen teku na ɗauke da wannan alama, kuma da sunansa ake kiranta. Abin da ɗanki ya yi da gawayi shi ne wannan.

Ku ci gaba. A cire tsakuwa a zuba gyaɗa, zai ga jirgi ya ɗauki ashirin bai ko kusa da layi ba. A saka dutse ɗaya babba, ya wuce layi nan take. Ashe adadi daban, nauyi daban. Ki ce masa wannan dutsen babur ne, ko buhun albasa, in ya shiga, mutum nawa za su haƙura su sauka? Ya gwada ya gani. Sa'annan a tara tsakuwa huɗu a gefe ɗaya, ƙoƙo ya karkata, a raba su biyu-biyu ya miƙe. Ya ga rabi ke nan, ya ga daidaito, ya kuma gane abin da ya sa mai jirgi ke cewa kowa ya zauna inda yake.

Ga tambayar da nake ganin ta fi duk sauran. Mutum 12 na jira a kwata, jirgi na ɗaukar biyar. Sawu nawa za a yi? Ki ba shi wake 12 ya yi da hannunsa. Sawun farko biyar, na biyu biyar, saura biyu a tsaye. Ki yi shiru ki ga abin da zai yi. Yara da yawa za su cusa biyun nan cikin sawu na biyu, su ce ai biyu ne kawai. In ya yi haka, ku koma daro ku gwada, a ga layin gawayi ya nutse. Amsar ita ce sawu uku, ko da na ukun mutum biyu kaɗai zai ɗauka. A makaranta za a kira wannan rabawa mai saura, kuma ɗalibai manya kan rubuta "biyu, saura biyu" su wuce, ba su tambayi kansu ina za a kai sauran ba. A bakin ruwa sauran nan mutane ne.

'Yan uwa, ba sai na tuna muku ba, amma zan faɗa. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai zo Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse a hanya. Rahotanni sun ce ya ɗauko fiye da mutum 150, ga kaya masu nauyi, kuma waɗanda aka ceto da rai wajen 20 ne. Akwai mata a ciki, akwai yara. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba na so wata ta fahimce ni cewa wasan ƙoƙo zai hana irin wannan. Nauyin yana wuyan manya. Yana wuyan masu jirage, da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, da gwamnatocin da ya kamata su samar da jirage masu ƙarfi da rigunan kariya da hanyoyin mota. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 130, aka tashi fiye da mutum 40,000 daga garuruwansu, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwan nan da jirgi ke karo da su. Matar da ta baro gida tun asuba da kayan kasuwa, in aka ce jirgin nan shi ne na ƙarshe, ba rashin sanin lissafi ke sa ta shiga ba, rashin zaɓi ne. Duk na san wannan. Amma matuƙin gobe, da mai karɓar kuɗin fito, da jami'in da zai tsaya a kwata yana ƙirga masu shiga, yau suna tsakar gidanmu suna wasa da ƙasa. A ganina gara su taso da sanin cewa in an ce jirgi na ɗaukar 40, to 40 ɗin ba ciniki ba ce da za a yi tayi a ƙara, kamar yadda ƙoƙo bai karɓi roƙo ba da aka saka masa tsakuwa ta tara.

Wata magana kuma, kada a ware 'ya'ya mata daga wasan nan a ce tuƙi na maza ne, ko lissafi na maza ne. A tsakar gida kowa mai jirgi ne. Ita ma ta riƙe gawayi ta ja layi, ita ma ta karɓi kuɗin fito. Ganyen darbejiya ya zama kuɗi, kowane fasinja ganye biyu. Mutum uku ganye nawa? Biyu, huɗu, shida. Kin ga ta shiga ninkawa ba ta sani ba. Yarinyar da za ta girma ta riƙe jarin kifi ko na albasa, ko ta zama malamar asibiti mai auna magani, tana buƙatar wannan kamar ɗan'uwanta, in ma ba ta fi shi ba. In maigida masunci ne ko mai fito, a ja shi cikin maganar. Ya nuna wa yara katakon zama nawa ke cikin jirginsa, mutum nawa ke zama a kowane, ya bar su su ƙirga giwan ruwa nawa aka samo yau. Yaro na jin maganar da ta fito daga bakin mai sana'a.

In kin ga ya fara hamma ko ya fara watsa waken, a tashi, gobe ma rana ce. Kada a sa bulala a kusa, kada a mai da abin jarrabawa a gaban baƙi.

Ga yayyensu kuma, 'yan shekara 7 zuwa sama, da ku kanku iyaye, ga wani tsohon wasan ƙwaƙwalwa da ake samun irinsa a ƙasashe da dama na Afirka, an kuma rubuta shi a Turai fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Wani mutum ya zo bakin kogi da kura da akuya da damin harawa. Kwale-kwalensa ƙarami ne, shi da abu ɗaya kawai yake ɗauka. In ya bar kura da akuya su kaɗai, kura za ta cinye akuya. In ya bar akuya da harawa, akuya za ta cinye harawa. Yaya zai haye da su duka lafiya? Ku ba yara dutse da wake da ganye da sakaina su gwada bayan sallar isha'i. Abin da zan taimaka muku da shi kawai shi ne, sai ya ƙetare ruwan sau bakwai, kuma ba a hana shi dawowa da abin da ya riga ya kai ba. Mu kwana nan, a gai da yara.